Ga uwar da ke kwana da waya a ƙarƙashin matashi

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai shekara 54, ina zaune a wani gari a kudancin jihar Katsina. Ɗana na fari ya gama makarantar koyon aikin lafiya, ya yi shekara biyu yana neman aiki bai samu ba, sai ya shiga soja. Yanzu kofur ne a sashen kiwon lafiya, wata 14 ke nan yana Borno, kuma bai yi aure ba. Wani lokaci sai a yi kwana goma ko fiye ban ji muryarsa ba. Da waya nake kwana a ƙarƙashin matashi. In na yi maganarsa sai a ce, "Ke me ya dame ki? Ai naki likita ne, yana asibiti, ba ya shiga daji." Mahaifinsa kuwa da na taɓo zancen sai ya ce in yi tawakkali, ya ɗauki buta ya fita. Ga shi ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in zauna cikin mata ina kukan kewarsa. Kuma yadda garinmu ya koma, ba kowa nake so ya san soja ne ba. Da ya zo fas, wato ɗan hutun da ake ba soja, a ƙaramar salla na ga ya rame, ba ya cin nama, yana yawan wanke hannu, cikin dare in na fito sai in tarar da shi zaune a tsakar gida. Abu ɗaya ya faɗa min: "Umma, har su ma waɗanda muke yaƙi da su, in an kamo su da rauni mu ke ɗaure musu." Anti, ina zan sami waɗanda suka san irin wannan zaman? Ko dai imanina ne ya yi rauni?

Wa'alaikumus salam, Hajiya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce ta fi ci miki rai. Imaninki lafiyarsa ƙalau. Ki buɗe Suratul Ƙasas ki duba mahaifiyar Annabi Musa, Alaihis Salam. Allah da kansa ya umarce ta da ta saka jaririnta a kogi, ya ce kada ta ji tsoro, kada ta yi baƙin ciki, ya kuma yi mata alkawarin zai dawo mata da shi. Da wannan alkawarin a hannunta gari ya waye mata zuciya wayam, har ta kusa tona asirin da bakinta ba don Allah ya ƙarfafa mata zuciya ba. To ke da ba a saukar miki da wani alkawari ba, don kin kasa barci wa zai ce kin gaza? Ki kuma lura da abin da ta yi bayan nan. Ba ta ƙulle kanta a ɗaki ba, ta kira 'yarta ta ce ta bi sawunsa. Ta nemi wanda zai kama mata. Abin da nake so ki yi ke nan, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Masu ce miki yana asibiti, wasunsu lallashinki suke yi, wasu kuma iya saninsu ke nan. Gaskiya ne soja na da manyan asibitoci: akwai wanda ake kira 44 a Kaduna, akwai wanda ake kira 68 a Yaba ta Legas, akwai na Runduna ta 7 a barikin Maimalari a Maiduguri. Amma kafin mai rauni ya isa ko ɗaya daga cikinsu, akwai hannun da ya fara taɓa shi a inda ya faɗi. Idan babbar jijiya ta tsinke a cinya ko a hannu, jini na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintoci, ba zai jira a kai shi gari ba. Don haka ne ake haɗa ayarin sintiri da mai jakar magani, ya hau motar da suka hau, ya bi hanyar da suka bi, wadda wani lokaci an binne bam a cikinta. In abu ya faru kowa ya nemi mafaka, shi ne ake kira ya je wurin wanda ke kwance. Dokokin yaƙi na duniya, wato yarjejeniyoyin Jeniba na 1949, sun haramta kai wa ma'aikatan lafiya hari, sai dai waɗanda ake fama da su a can ba ruwansu da wannan doka. Kowa ya tuna garin Rann na jihar Borno a watan Maris na 2018, inda aka sace mata ma'aikatan lafiya, daga baya aka kashe ungozoma biyu daga cikinsu. Ban kawo wannan don in ƙara miki nauyi ba. Na kawo ne don ki daina zargin kanki da tsoron banza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da ake ta ce wa babu komai alhali yana ganin akwai, kaɗaicinsa ninkuwa yake.

Shirun waya kuma, ki riƙa auna shi da abin da idonki ya gani. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi da dama na Katsina, ba a yi makonni 'yan'uwanku na nesa ba su ji ku ba, alhali kuna nan kuna cin tuwonku? An yi irin haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. Ƙauyuka da yawa a Borno an lalata turakun sadarwarsu, wani sansanin sai an hau tudu ko an jira shiga gari ake samun sabis. Ga batun caji, ga lokutan da ake hana su taɓa waya saboda aiki. Kwana goma shiru a can, sau da yawa kwana goma ne na rashin sabis kawai.

Yanzu ga inda matsalarki take, a ganina. Duk wani tallafi da aka gina wa iyalin soja, a kan matarsa da 'ya'yansa aka gina shi, kuma a cikin bariki. Matan hafsoshi na da ƙungiyarsu, NAOWA, matan ƙananan sojoji na da tasu, NASWA. A bariki akwai Magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ake kai wa kuka. Idan aka tafi da bataliya gaba ɗaya, matan da aka bari ƙofa da ƙofa suke, in ɗaya ta ji labari duk sun ji, in ɗaya ta kasa barci ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta. Uwa fa? Tana can garinsu, tsakanin matar ɗan kasuwa da matar malamin makaranta, babu wadda ta san bambancin fas da sauyin wurin aiki. Ke kuma naki ya zo da ƙari biyu, kunyar ɗan fari da tsoron masu kai rahoto. Shi ya sa kika rasa inda za ki sauke. Babu ofishin da za ki je ki tarar an tara miki iyaye irinki. Da ƙafarki za ki nemo su, kuma ba su da wuyar samu kamar yadda kike zato.

Ina yarinya a Zariya, ɗan gwaggona na fari yana cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da aka kai Laberiya a 1990. Lokacin babu wayar hannu, wasiƙa ce, ita ma sai a yi wata uku ba ta zo ba. Gwaggo na da wata ƙaramar rediyo da murfin baturinta ya ɓata, ta ɗaure da roba. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai kaki" take cewa, shi ma sai ta sunkuyar da kai. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mata biyu kan zo gidan. Ɗaya Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a Sabon Gari, ɗaya Kirista ce 'yar kudancin Kaduna. Babu dangin iya babu na baba tsakaninsu, 'ya'yansu ne kawai ke wuri ɗaya. Sai a shimfiɗa tabarma, a zube gyaɗa a faifai ana ɓarewa, rediyon na tsakiya. Na sha zama kusa da su ina jira in ji wata muhimmiyar magana, amma yawanci tsadar manja ake zance. Sai dai in mai karanta labarai ya ambaci Monrobiya, babban birnin Laberiya, hannuwa shida su tsaya cak a cikin faifan, ba mai kallon wata, har ya wuce zuwa wani labarin, sannan a ci gaba da ɓara. A gaban waɗannan matan kaɗai na taɓa ganin hawayen Gwaggo. Ɗan mai atamfa bai dawo ba. Gwaggo da ɗayar suka kwana bakwai a gidanta, kuma zaman Alhamis bai mutu ba, gidanta aka mayar da shi.

Mata biyu ko uku irin waɗannan kike bukata, ba taro ba. Hanya mafi kusa kuwa ita ce ta ɗan naki. Jiha-jiha ake ɗibar sojoji, don haka cikin waɗanda suka yi horo tare a Difo na Zariya akwai 'yan Katsina, ba mamaki har da 'yan ƙaramar hukumarku. In ya kira, ki ce ya ba ki lambar mahaifiyar abokinsa ɗaya da ya yarda da shi, shi ma abokin ya sanar da ita za ki kira. Wannan ya fi ki shiga tambaya a unguwa aminci, don wadda ɗanta ke cikin kaki ta san abin da ake ɓoyewa da dalilin ɓoye shi. In an dace ɗanta ma a sashen lafiya yake, to kin samu biyu, domin akwai abin da sai uwar mai jinya ce za ta gane, kamar wannan wanke hannun da kika faɗa. In ba a dace ba, kada ki tsaya zaɓe. Kada ki tsaya a kan sai Bahaushiya ko sai Musulma, tsoron iri ɗaya ne. Tsofaffin sojoji ma suna da amfani, suna da ƙungiyarsu ta Nigerian Legion a jihohi, kuma dattijo ɗaya da ya yi ritaya yana saje ko samanja zai fassara muku abubuwan da ke ruɗa ku cikin minti biyar: me ake nufi da an ɗaga su, wa ake tambaya in an daɗe ba labari, yaya ake shiga bariki neman bayani. Limaman bariki ma ƙofarsu a buɗe take ga iyaye.

Idan kun haɗu, ku yi wa zaman iyaka tun ranar farko, in ba haka ba maganin zai koma cuta. Kada a ambaci sunan garin da yaro yake, ko ranar da za su tashi, ko hanyar da za su bi, ko a waya ko a WhatsApp, ko da kuwa ku uku ne kaɗai. Hotonsa da kaki ya zauna a akwati. Na san kin riga kin san wannan, amma ki faɗa wa sauran da bakinki, har da ƙannensa masu ɗora komai a Facebook. Sai babbar annobar zamanin nan, bidiyon gawarwaki da saƙon murya na "an ce an kai hari". Ku yi alkawari babu mai tura wa wata irin wannan. Rabinsu tsofaffi ne, wasu ma ba na ƙasar nan ba ne, amma uwar da ta kalla da ƙarfe ɗayan dare sai ta ga fuskar ɗanta a kowace gawa. Wadda ta ji wani abu ta kira dattijon nan ya bincika, sannan a yi magana. Haka kuma in baƙuwar lamba ta kira ta ce ɗanki ya ji rauni a turo kuɗin magani yanzu-yanzu, kada ki tura ko kwabo sai kin ji daga wanda kika sani. Sojan da ya ji rauni a bakin aiki, asibitin soja ake kai shi, kuma 'yan damfara sun san babu mai saurin buɗe jaka kamar uwa a firgice.

Ku ɗan yi adashe, ko na dubu ɗaya ne a wata, a ajiye shi da sunan kuɗin mota. Ranar da aka ce an kawo ɗan wata Kaduna, kada neman kuɗin tafiya ya kwanar da ita, kuma kada ta tafi ita kaɗai.

Batun kunya, ba zan ce ki yar da ita ba. Da ita aka raine mu, kuma tana da kyawunta. Amma don idon jama'a aka yi ta, ba a yi ta don ta kwantar da uwa a asibiti ba. A gaban surukai da maƙwabta ki ci gaba da kau da kai. A cikin matan nan biyu, ki kira shi da duk sunan da bakinki ya iya, ki yi kukanki. Shi ma kansa, sau ɗaya dai, ki bar shi ya ji daga bakinki cewa aikin da yake yi ya faranta miki rai. 'Ya'yan fari da yawa sun girma suna hasashen son da iyayensu ke musu, ba su taɓa jin sa a kunne ba, kuma wanda ke kwana a rami yana bukatar ya ji.

Malam kuma, kada ki ɗauka bai damu ba. Namijin da ya ɗauki buta da zarar an ambaci ɗansa, gudun kada fuskarsa ta tona shi yake yi. Idan kika ce ya zauna ku yi zancen tsoro, ba zai zauna ba. Ba shi aiki. Ki ce kina so shi ya riƙe lambar wani na gaba da yaron a wurin aiki da ta abokinsa, ya rubuta lambar aikinsa ta soja da sunan rundunarsa a takarda ya adana. Ya tambaye shi sunan wa ya rubuta a matsayin magajinsa a takardun soja, da wace lambar waya, domin wannan mutumin hukuma ke nema in wani abu ya taso, alheri ko akasinsa, kuma sau da yawa lambar da aka rubuta tun ranar shiga Difo ta daɗe da mutuwa. Wannan ba fata ba ne, gyara ne, kuma shi ma yana cikin ɗaure raƙumi kafin tawakkali. In Allah ya sa mijin ɗaya daga cikin matan na raye, ku haɗa su. Maza biyu na iya zama a kan benci awa guda suna zancen taki, su tashi kowa ya ji sauƙi. Wayar nan ma ku raba kwana da ita, yau a wurinki, gobe a wurinsa, ki samu daren da ba ke ce mai gadi ba.

Abin da kika gani a jikin yaron ya fi komai tsaya min a rai. Malamin asibitin gari yana jinyar baƙi ne. Shi kuwa waɗanda ake kawo masa, da su ya ci abinci a kwano ɗaya da safe, ya san sunan matansu, wani ma ya ci bashinsa. In ɗaya ya cika a hannunsa, sai ya yi ta juya abin: da na isa da wuri, da na ɗaure sama kaɗan. Ƙin nama, yawan wanke hannu, zaman tsakar dare, duk an san su ga mutanen da suka ga abin da ya fi ƙarfin zuciya. Wasu yana sakinsu da kansa in sun huta. Amma in ya zarce wata guda, ko kika ga ana firgita cikin barci, ko faɗa ba dalili, ko gudun mutane, ko kika ga alamar ya fara shan ƙwaya don ya samu barci, to lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi. Wannan na ƙarshen ki sa ido a kai sosai, don mai riƙe da jakar magani ba ya shan wahalar samu. In kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a ranar za a kai shi, ba sai gobe ba. Zai iya farawa da likitan rundunarsu, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri. A yi addu'a, a yi tofi, amma kada a tsaya nan a ce iska ce. Masu jinya sun fi kowa taurin kai wurin yarda su ma marasa lafiya ne, don haka kada ki ce masa yana da ciwo. Ki ce kin ga ba ya barci, kina so ya nemi wanda zai duba masa barcin.

In ya sake zuwa kika same shi a tsakar gida, kada ki tambaye shi abin da ya gani. Ki dama masa kunu, ki ja kujera ki zauna nesa kaɗan. In ya yi magana ki saurara, kada ki yi salati da ƙarfi ko ki rufe fuska, don da ya ga ya tsorata ki ba zai ƙara ba. Maganar da ya faɗa miki ta ɗaure wa waɗanda aka kamo rauni, ba labari ya ba ki ba, tambaya ya yi. Yana so ya ji ko ya ci amanar abokansa da suka mutu. Ki ba shi amsa. Ki ce masa dokar aikinsa ce ta wajabta masa jinyar duk mai rauni da ya shigo hannu, kuma tun kafin dokar, Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Ki tuna masa sana'arsa tana da asali: Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma wurinta Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ.

A waya kuma, mintocinsa kaɗan ne, kada a cinye su da kuka da lissafin matsalolin gida. Ki ba shi labarin akuyar da ta haihu da ƙanwarsa da ta sauke izu goma. Nauyin ki kai wa matan nan, don haka ma ake neman su.

Ke kanki, Hajiya, wata 14 na barci rabi da rabi a shekara 54 ba wasa ba ne. A cikin satin nan ki je a auna miki jini, ki faɗa wa malamar asibitin gaskiyar yadda kike kwana. Sannan ranar da ya kira, kafin layin ya yanke, ki karɓi lambar nan. Ki kira matar ki ce ke ce mahaifiyar abokin ɗanta, ki tambaye ta wace rana ce ba ta da hidima. In garinta na da nisa ku fara da waya, in kusa ne ki ɗauki mudun gyaɗa ki je.